Labulen da Ya Hana Baba Shiga Ɗakina

Shekarar da muka tare a gidanmu na kanmu a Funtua, can bayan kamfanin gurzar auduga, na rantse ba zan yi wa falona kwalliya irin ta kowa ba. Duk gidan da ka shiga a layinmu, furen roba ne a kusurwa, sai agogon bango mai ruwan zinari. Ni kuwa tela ce, ina da buhu biyu na ƙyallayen atamfa, kuma kaina cike yake da dabbobin tatsuniya tun ina ƙarama a Ƙarfi.

Wata huɗu na yi ina ɗinka labulen ƙofar falo. Na yanko kura daga wata atamfa mai ɗigo-ɗigo, na ɗaura mata zani a karkace, na rataya mata jakar biki. Zomo na sa masa hula ya ture ta gaban goshi, kana ganinsa ka san bai da gaskiya. Kunkuru yana tafe da rediyo a kunne. Akwai dila da carbi, akwai bushiya tana tallan gyaɗa, ga wata akuya da ban ba ta aikin komai ba, tana dai kallon kowa. Maƙwabta suka yi ta tsiya, wai na buɗe gidan zu. Ban damu ba, don waɗanda suka fi tsiyar su suka fi daɗewa a tsaye suna kallo.

Bayan an gama girbin masara Baba ya zo ganin gidan. Wannan zuwa nake jira. Ni ce 'yarsa ta farko da ta zauna a gidan da ba na haya ba, kuma abu ɗaya nake so: ya shiga ɗakina ya zauna, ya sa wa gidan albarka da bakinsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana.

Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya ɗaga hannu zai yaye labule. Sai hannun ya tsaya. Ya dubi kura, ya dubi zomo, ya mayar da ƙafarsa cikin takalmi.

"Uwata, shimfiɗa mani tabarma nan gindin mangwaro."

"Baba, ga kujeru a ciki."

"Mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da aka rataye hoton mai rai. Inda ba su shiga, mi zan shiga in yi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kai masa tuwo gindin mangwaro, ina ajiye kwanon da ɗan ƙarfi. Kwana biyu haka muka yi, a waje yake ci, a waje yake karɓar masu zuwa gaishe shi, kwana kuma a ɗakin zaure. Maigidana ya ce in cire labulen in ɓoye, in Baba ya koma in mayar. Na ce masa ban taɓa yi wa Baba wayo ba, ba kuma zan fara a kan zomo ba. Albarkar da aka samo da ɓoye-ɓoye ban san amfaninta ba.

Na koma wurin Baba da hujjojina. Na ce ai ƙyalle ne, na ce yara na makaranta littattafansu cike suke da irinsu. Ya saurare ni har na gaji.

"To ki yanke masu kawuna," in ji shi. "In babu kai, babu magana."

Na ɗauko almakashi da fushi, na sa a wuyan kura. Na kasa. Wa zai so ya zauna a falo da gawarwaki shida a bakin ƙofa?

Washegari da hantsi na tafi wurin malamarmu ta Islamiyya, wata dattijuwa da ba ta gaggawar magana. Na zayyana mata komai, ina jiran ta ce Baba ya tsananta. Ba ta ce ba. Ta ce malamai da yawa sun bambanta abin da aka ɗaga aka rataye da abin da ake zama a kai ko a jingina da shi, na biyun da sauƙi. Ta ce in tambayi Baba, ya san wannan.

Na tambaye shi. Ya ce haka ne, shi ma ya karanta hakan.

A ranar na sauke labulen. Aikin wata huɗu na yanka gida shida da hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi mini ciwo. Amma kowace dabba ta fita da kanta a wuyanta. Na yi musu baya da wani yadi shuɗi, na cusa audugar gonarmu ta Dandume, suka zama matasan jingina. Kafin la'asar na jera su a ƙasa bisa darduma, ƙofa kuma na rataya mata farin yadi.

Baba ya shigo da bismilla. Bai hau kujera ba, ƙasa ya zauna. Ya jawo matashin kura ya juya shi a hannu, ya matso da shi kusa da idonsa.

"Wagga ba kura ba ce, kare ne ya ci ya ƙoshi. Kura ƙafafunta na baya gajeru ne. Ni na gan ta da idona a bayan garinmu."

"Zan gyara, Baba."

"Ki gyara. Amma zomon ya yi, ja'iri."

Ya tura kurar bayansa ya jingina, ya miƙe ƙafafu. Sannan ya ɗaga hannuwa ya fara addu'a, ya roƙa wa gidan zaman lafiya, ya roƙa wa maigidana buɗi, ya ambaci yarana ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina sai ya ce Allah ya yi wa hannun Uwata albarka. Ban iya cewa amin da ƙarfi ba, kuka ya riga ni.