Sun Ce Sun Ji Ra'ayin 'Yan Wasa

Shekarar da na gama difloma na dawo Ikara, ba aiki ba dalilinsa, sai na zama ɗan zaman shagon yayana. Ɗan baffana ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shagonsa na kusa da tasha, inda ake buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Kwamfutocin ciki duk 'yan gwanjo ne. Idan lokacin rajista ya wuce sai su zauna ba mai taɓa su, don haka ya zuba musu wani gem, wato wasan kwamfuta, ya haɗa su da igiyar waya don a riƙa bugawa tare.

Gem ɗin na harbi ne. Ba ka ganin kanka a ciki, hannuwanka kawai kake gani da bakin bindiga. Kumbo ne ya sauke ka a wata duniya mai jar ƙasa, inda mutane ke noma a ƙarƙashin rumfunan gilashi. Wani kamfani ya toshe musu ruwa, ya turo mutum-mutumi na ƙarfe su kore su, kai kuma soja ne da ya juya wa kamfanin baya.

Cikin masu zuwa akwai wani mutumin Kudan, manomin rake, magidanci da iyalinsa. Rajistar ƙanwarsa ce ta fara kawo shi. Yana zaman jira ya ga muna bugawa, ya matso da kujera, daga nan shi ke nan. Duk ran kasuwa idan ya gama abin da ya kawo shi, sai ya kafe mashin a ƙofar shagon, ya yi la'asar, ya zauna sai rana ta kusa faɗuwa. Hannunsa duk kanta, da farko har tausayin madannan nake ji, amma kafin damina ta fita ya fi mu duka iya saiti.

Kowa da ra'ayinsa kan gem ɗin, kuma musu ba ya ƙare mana. Yaya ya ce bindigogin ba su da nauyi, harbinsu kamar jifa da tsakuwa. Ni surutun labarin ne ya dame ni, da an fara nake tsallakewa in koma harbi. Mutumin Kudan ba ya tsallake ko kalma. Turancinsa kaɗan ne, don haka sai ya sa ni in tsaya a kansa ina fassara masa. Ya ce waɗanda suka ƙera abin nan sun san noma, domin akwai wurin da idan ka buɗe madatsar ruwa, in ka sake biyowa sai ka tarar shukar da ta kwanta ta miƙe. Ba ya harbi a cikin gonakin. Sai ya janyo mutum-mutumin waje tukuna, don kada gilashi ya fashe, ko da hakan zai sa a kashe shi a sake daga farko.

Na ce masa, "Malam, gonar ƙarya ce fa."

Ya ce, "Na sani, ƙanena. Amma ai wani ne ya zauna ya shuka ta."

Da labari ya zo cewa kashi na biyu ya fito, mu muka matsa wa Yaya. Ya gyara kwamfuta biyu, ya sayo na'urar intanet, aka kwana biyu ana sauke shi. Muna buɗewa muka ga abin ya canza. Ba ya tashi sai da intanet, ko da kai kaɗai kake son bugawa. Gonakin babu su, manoman babu su. Fili ne kawai ake zuba ka da baƙi daga ƙasashen da ba ka sani ba, ku yi ta harbin juna. Sabis ɗin Ikara kuwa kowa ya san shi. Kana danna harbi, kafin harsashin ya fita mutumin ya bar wurin, kai kuma an riga an kwantar da kai. Sau da yawa abokan wasan sukan haɗa baki su fitar da mu tun ba a yi nisa ba.

Ana cikin haka masu gem ɗin suka buɗe dandali a intanet, suka ce kowane ɗan wasa ya faɗi ra'ayinsa, za su saurara. Ni ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Mutumin Kudan kuwa ya tafi da maganar gida, ya juya ta a gona, ya dawo ranar da ba ta kasuwa ba, ruwa ya jiƙa shi tun daga Makarfi. Ya ce in zauna in rubuta masa da Turanci.

Ya ce in fara da gaisuwa, in tambaye su gida da aiki. Na ce a can ba a gaisawa, ya ce shi dai ba zai shiga wa mutane ba sallama ba. Ya yi musu godiya kan kashi na farko. Ya bayyana musu yadda sabis yake a wajenmu, ya roƙi a bar wa irinmu hanyar bugawa ba intanet. Sannan ya tambayi ina aka kai manoman, ko ruwan ya dawo musu, don an bar labarinsu a rataye. A ƙarshe ya ce in rubuta cewa saƙon daga wani manomi ne a Nijeriya.

Ran kasuwa da ya dawo, amsoshi sun taru. Na riga na karanta su, na so in ce masa ba a amsa ba, amma ya ga yawansu a allo. Wani ya tambaya ko a bukkarmu akwai wuta. Wani ya ce damfara ce, saura mu nemi lambar asusunsa. Wani ya ce irinmu ne ke ɓata musu wasa, ya kamata a katange duk mai raunin sabis, kuma maganarsa ce ta fi samun masu goyon baya. Mutum ɗaya ne ya ce shi ma yana kewar gonakin, ba wanda ya kula shi. Daga masu gem ɗin kuwa ko uffan.

Na fara sassauta fassarar, Yaya ya ce, "Faɗa masa yadda suka faɗa. Ba yaro ba ne."

Na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, hularsa a gwiwa. Sai ya ce, "Su ma 'yan wasa ne kamar mu?" Na ce eh. Ya ce to, ya tashi ya tafi alwala.

Ba a daɗe ba masu gem ɗin suka fitar da sanarwa cewa sun ji ra'ayin 'yan wasa. Sun ƙara wa bindigogi launi, sun gyara ƙarar harbi, kuma daga yanzu duk wanda sabis ɗinsa bai kai ba, ba zai shiga fili ba. Ranar da mutumin Kudan ya zo ya zauna, gem ɗin ya ƙi karɓar mu. Muka kashe na'urar muka kunna, muka ɗaga ta saman taga, a banza. Ya ce to a sa masa tsohon. Yaya ya ce ai ya goge shi don sabon ya sami wuri, faifan da tsohon ya zo a kai kuma ya daɗe da karcewa.

Mutumin Kudan bai yi faɗa ba. Ya yi mana sallama yadda ya saba, ya tada mashin. Bai sake zama a shagon ba, sai dai ya ɗaga hannu idan ya wuce. Yaya ya sayar da kwamfutocin, ya koma cajin waya. Ni na sami aikin ofis a Makarfi.

Bara na leƙa dandalin a wayata. Wasan ya mutu, masu shi sun ce za su rufe. Mutanen nan ne dai da suka yi mana ba'a suke ta koke, wai ba abokan wasa, wai an ci amanarsu, wai ba a sauraron su. Ba wanda ya amsa musu. Na karanta duka, ban ji tausayin ko ɗaya ba. Na kira mutumin Kudan don in ba shi labari. Muka gaisa sosai, ya tambayi Yaya da mutanen gida. Da na fara maganar sai ya ce yana gona ana ban ruwa, in kira shi wani lokaci.