Lakar da Kawu Bawa Ya Bar Mini

Da kakar bana Kawu Bawa ya cika shekara huɗu da rasuwa. Ƙanen Inna ne, matuƙin kwalekwale, kuma shi kaɗai ne a gidanmu ba ya kirana bebiya don ba ni da yawan magana.

Kafin a datse kogin Kwara a Kainji, muna zaune a tsibirinmu, wasu masu binciken ƙasa suka ɗauke shi yana kai su fadamu. Sukan soka dogon bututu a ƙasa, su zaro laka baƙa ƙirin. Wata rana a Yelwa shugabarsu ta bar shi ya leƙa madubinsu mai ƙara girman abu. Ya dawo yana ba mu labari, wai cikin lakar akwai ƙwayoyin ƙurar furen tsirrai da suka fi garin gero ƙanƙanta, wasu kamar ƙwallon goriba, wasu da tsaga uku a baya. Matar ta ce masa na tsirran da ke son inuwa da damshi ne, suna binne tun kafin kakanninmu su zo. Ashe inda muke noman gero, a da kurmi ne.

Mutanen gida suka yi ta dariya. Shi kuwa ya ƙulle curin lakar a tsumma ya miƙo mini. "'Yata, ke ce mai makaranta. Ranar da kika samu irin madubin nan, ki duba ki faɗa mini sunayen itatuwan."

Da aka datse kogin, ruwa ya zo, aka kwashe mu zuwa sabon gari kusa da Warra. Ɗorawarmu ta mutu a tsaye cikin tafki. Wani kututturenta ne ya fasa jirgin Kawu, da rana tsaka, a hanyar kasuwa. Ba a ga gawarsa ba.

Da yana nan, na san zai ce ƙurar furen ɗorawarmu ma tana kwance a ƙasan tafkin, wata rana wani zai zaro ta ya ce an taɓa yin itatuwa a nan. Amma wane madubi ne zai nuna an taɓa yin Kawu?

Bara murhun Inna ya tsage. Ƙasar sabon gari rairayi ce, ba ta kamawa. Ta tarar da ƙullin cikin akwatina, ta murza shi, ta ce ga laka irin ta gida. Ina tsaye ta jiƙa ta. Da yatsa biyu ta shafe tsagar.

Bana aka kawo irin madubin nan makarantarmu. Malama ta ce kowa ta zo da abin da take son gani. Da na dawo hutu na tsuguna gaban murhu, na tarar wuta ta mayar da lakar ja, ta ƙone abin da ke ciki.

Allah ya jiƙan Kawu. Abin da ya rage mini nasa wannan jan tabon ne, wanda har yau bai sake tsagewa ba. Sunayen itatuwan kuwa, ban faɗa masa ko ɗaya ba.