Shekarar da Baba Ya Daina Amsa Sallama

Har yau idan na tuna abin da muka yi wa Baba raina ɓaci yake yi, kuma ban cire kaina daga cikin masu laifi ba.

Injin niƙa gare shi a unguwar Bukoki, nan Yamai. Tun kafin a haife ni yake tsaye a kan injin nan daga hantsi har la'asar, ƙarar tana dukan kunnensa, ko auduga bai taɓa cusawa ba. Shekarar da ya sauke farali sai magana ta fara yawo a unguwa: wai Alhaji ya dawo daga Makka da girman kai, ana yi masa sallama ba ya amsawa.

Mu ƴan gida mun ga komai. Rediyo sai ya ƙure ta har maƙwabta na jin labarai kyauta. Salularsa na ruri a aljihu, shi yana cin tuwonsa hankali kwance. In kana magana bakinka yake kallo, ya karkato kunnen dama. A majalisar dattawa, da zarar mutum uku sun haɗa baki sai ya yi shiru, in an yi dariya ya biyo baya da tasa. Muka ce tsufa ne. Mutumin da ko sittin bai kai ba.

Gaisuwa ce ta rufe wa kowa ido. In ka tsugunna gabansa ya san abin da ke biye, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, shi kuwa lafiya lau, ba gajiya, alhamdu lillahi, bai taɓa yin kuskure ba. Sai aka ce ai yana ji sarai, wanda ya ga dama yake amsa wa. Tela maƙwabcinsa, Bazabarme, amininsa na shekara da shekaru, ya yi masa fofo, gaisuwarsu ta Zabarmanci, sau uku daga ƙofar shago, Baba bai waiwayo ba. Daga ranar ya daina aiko masa da shayi. Babu wanda ya tako ya tambaye mu ko lafiya, gulma ta fi musu sauƙi.

Ni na fara cewa a kai shi a auna kunnen, ranar da wani mai taksi ya kusa buge shi ta baya. Yayana ya hau ni da faɗa.

"Ke, so kike a maƙala wa Baba apare, na'urar kurame, a kunne, duk unguwa a ce Alhaji ya kurumce?"

Na ce gara a ce kurma da abin da ake faɗa yanzu. Ya ce ni yarinya ce, alhali ina da ƴaƴa biyu a lokacin. Muka yi ta ja har damina biyu ta wuce, ni ma na yi sanyi don a zauna lafiya. Sanyin nan nawa shi ne ban yafe wa kaina ba.

Da muka kai shi asibiti daga ƙarshe, likitar ta ɗora masa abin sauraro a kai, ta ce ya ɗaga hannu duk sanda ya ji ƙara. Ina kallonta tana ta danne-danne, hannun Baba yana kan gwiwarsa. Ta tambaye mu me ya sa muka daɗe haka. Yayana ya kama kallon takalminsa. Ranar da aka sa masa na'urar, a hanyar gida Baba ya yi ta tambaya ko dama haka Yamai take da hayaniya.

Ranar Juma'a na je duba shi da hantsi, injin a rufe. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya sa babbar riga. Na yi sallama a hankali ta bayansa, ya juyo nan take ya amsa. Ina zaune kusa da shi mutum huɗu suka wuce, dukkansu sun taɓa cin abinci a gidanmu. Telan ma ya wuce, ya kau da kai. Ba wanda ya buɗe baki, sun riga sun saba.

Baba ya ciro na'urar ya miƙo mini.

"Uwata, mayar musu su duba ta. Taki muryar tana kamawa, amma tun safe nake nan ban ji sallamar kowa ba."

Na karɓa na riƙe a hannu, na rasa bakin da zan gaya masa lafiyarta lau.