Saran Bello

Ina kan babur tsakanin Gummi da Bukkuyum waya ta yi ƙara. Ƙanena Sanusi ne daga Norway, inda yake karatu. Ya ce, "Yaya, Baba ya cika." Na yi salati na sauka gefen hanya. Bayan hawaye, abin da ya fara zo mini shi ne: ni da ke kai shi asibiti a bayana, sai daga wata uwa duniya zan ji rasuwarsa? Ashe Inna lambar Sanusi ta fara miƙa wa maƙwabci ya kira.

Mahaifinmu, Malam Ummaru, manomi ne, amma abin da aka san shi da shi a ƙasar Bukkuyum shi ne sanin asalin mutane ta sunayen gonaki. In baƙo ya zo neman danginsa, ba ya tambayar sunan ubansa. Sai ya ce, "Wace gona kakanka yan noma?" Da an ce Fadamar Tumba ko Marken Ila, zai jero wanda ya sare dajin, da wanda ya gada, da 'yar da aka aurar garin Gwashi. Yakan ce, "Mutum shina ɓoye ubanai, gona ba ta ɓoye wanda yas sare ta." Ya sha raba rigimar gado da wannan sani, bai taɓa karɓar ko goro ba.

Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Kunya ce ta gargajiya, na sani, amma sani bai hana ciwo. Ni "wancan" ne, ko "kai". Sanusi kuwa sunansa kamar tasbihi a bakin Baba. Shi ake ɗauka zagayen gonaki ana nuna masa bishiyar kuka da tsohuwar rijiya, ni a bar ni da garma da shanu.

Da Sanusi ya gaya masa cewa mutanen Norway da yawa sunan gonar kakanninsu ne sunan gidansu, kuma suna bin tsofaffin littattafan coci su gano wanda ya fara zama a cikinta, Baba ya yini yana murna. Ya ce, "Ashe akwai masu hankali cikin ƙanƙara!" Daga baya ya ce, "Su gonakinsu na nan inda sunka bar su. Namu na Zugu, 'yan bindiga sun hana mu ko leƙawa." Tun daga nan kullum suna kan waya, yana jero gonaki Sanusi na ɗauka. Ni ke riƙe masa wayar in hannunsa ya gaji, ina jin kishi yana cina, ban taɓa jin inda na shigo cikin lissafin ba.

Bayan addu'ar bakwai Sanusi ya turo mini wata murya da aka ɗauka ran da na tafi kasuwa. Baba ne, yana tari, yana cewa, "Sai ta ƙarshe, gabas da Zugu, wadda nis sare da hannuna shekarar da anka haifi yayanka. Mutane na ce mata Sabuwa. Ni a raina Saran Bello nika ce mata. Ka rubuta hakanan."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na saurara har cajin waya ya ƙare. Kuma ko wannan, Sanusi ya gaya wa, ba ni ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya haɗa kanmu ni da Sanusi, Ya wanke mini zuciya. Ya kuma kawo lafiya ƙasarmu, in je in tsaya cikin gonar nan ko sau ɗaya kafin daji ya cinye ta.