Shekarar da Suka Shirya a Ikko

Mahaifina da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, sun yi shekara uku ba su sa hannu a ƙwarya ɗaya ba. Gida ɗaya ne a Tsamaye, zaure ɗaya, dangar kara ce kawai ta raba sashenmu da nasa. Siyasa ce ta shiga tsakaninsu. Da soja suka miƙa mulki ga farar hula, Baba ya bi jam'iyyar da ta kafa gwamnati, don ita mai gari da manyan ƙasa suka bi, shi kuwa mutum ne da ba ya son a gan shi a gefe. Baffa ya bi ta hamayya. Ya yi yawon cin rani da ƙuruciyarsa, ya ji maganganu a birane, ya dawo da su cikin kai. Wata ranar kasuwa ya tsaya gaban jama'a ya ce akwai mutanen da in an nuna musu rawani sai su manta da cikinsu. Bai ambaci kowa ba, amma Baba yana wurin, kuma ya ɗauka da shi ake. Daga ranar sai gaisuwa, sai sahun salla.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare ta Unguwar Lalle, ina zuwa da keke in dawo. Su biyun duk suna ce mini Malam, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Daminar shekarar ta fara kamar ta gaske. Muka shuka, muka yi noman farko, hatsi ya yi kore har ya kai ƙugu. Yana cikin fid da kai ruwa ya ɗauke. Kullum hadari ya haɗu gabas, mu tsaya bakin gona muna kallo, iska ta zo ta watsar da shi. Aka fita roƙon ruwa har sau uku. Abin da muka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Mutane daga tsallaken iyaka suka fara ratsowa da jakunansu da raƙuma, suna tambayar hanyar kudu, alamar can abin ya fi namu muni.

Baffa yana da shanun noma biyu, jajaye, waɗanda ya raina tun suna maruƙa. Ta bakin matarsa muka ji ya yanke shawara: zai sayar da su tun suna da nama a jiki, ya kwashe iyalinsa zuwa wajen Kwantagora, inda wani abokinsa ya ce akwai ƙasar noma. Da Baba ya ji, na ga ya rage cin abinci.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, rediyo ta ce 'yan majalisa a Ikko, na gwamnati da na hamayya, sun ajiye gardama sun amince da kuɗin agajin fari cikin kasafin ƙasa. Za a kawo hatsi, za a haƙa rijiyoyin burtsatse, za a ba da iri kafin damina. Mai karanta labarin ya nanata cewa ba a samu ko mutum ɗaya da ya ƙi ba. Baba ya sa na ƙara murya, ya kuma sa muka jira aka maimaita.

Bayan mako biyu ɗan majalisarmu ya zo Sabon Birni ranar kasuwa, tare da wani ɗan majalisa na hamayya, cikin mota ɗaya. Na gani da idona. Suka hau kan tebur, suka riƙe hannun juna suka ɗaga sama, jama'a na ta kabbara. Suka ce yunwa ba ta da jam'iyya. Suka ce kowane gari ya aiko da takardar buƙatunsa, amma sai da hannun mutanen ɓangarorin biyu, don kada a ce an fifita wani.

A Tsamaye babu wanda ya kai Baffa tsayawa a hamayya, kuma Baba ne mai gari ya ɗora wa aikin takardar. Washegari da hantsi na ga Baba ya sa babbar rigarsa, kamar mai zuwa wani gari, ya zagaya dangar nan ya yi sallama a sashen ƙanensa. Ya kira ni in zo da takarda da biro.

Baffa yana gyaran igiyar shanu. Ya miƙe da sauri ya shimfiɗa tabarma.

"Ka ji abin da anka ce?" in ji Baba.

"Na ji, Yaya."

"To, mi kaka gani?"

Baffa ya daɗe yana murza igiyar. "Ni dai za ni tahiya, Yaya. Na riga na yi magana da dillali."

"Ka tahi ina, ka bar gonar tsohonmu? Da can in wanga ya ce a yi, wancan shi ce a'a. Yanzu sun haɗa baki. Wa ka hanawa?"

"Abin da ni ka tsoro ke nan," in ji Baffa. "In suna hwaɗa, wanga na tona wancan, mu ji. In sunka shirya, wa ka gaya muna?"

Baba ya yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Kai dai ba ka canzawa." Sa'an nan muryarsa ta sauka. "Mu biyu munka rage. Ka tsaya. In abin ya zo, mu ci tare. Ni na roƙe ka."

Ban taɓa jin Baba ya roƙi kowa ba. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya. Na tsaya."

Na rubuta takardar a kan gwiwata. Suna faɗa ina rubutawa: hatsi, iri, rijiya a yamma da gari inda mata suka fi wahala, dusa don dabbobi. Baffa ya ce a ƙara maganin yara. Suka dangwala yatsa, na Baba a sama, na Baffa a ƙasa. Ran nan matar Baffa ta dama fura, suka sha a ƙwarya ɗaya, autar Baffa, yarinya 'yar shekara huɗu mai yawan surutu, tana zaune a cinyar Baba tana ja masa gemu. Matan gidan suka cire kara biyar daga dangar, suka yi ƙofa.

Daga nan sai jira. Watan farko ya wuce, na biyu ya wuce. Aka zo aka kafa allo a yammacin gari, an rubuta aikin rijiya da Turanci, ni nake karanta wa mutane. Can wata babbar mota ta zo da injin haƙa, yara da manya muka kewaye ta. Suka yi kwana huɗu suna haƙa, suka ce wani ƙarfe ya karye, za su koma su kawo wani. Suka rufe ramin da faifan ƙarfe suka tafi. Ba su dawo ba.

Da rani ya tsananta muka ji an sauke hatsin agaji a wani sito a garin Isa. Muka tashi da asuba mu uku, ni da Baba da Baffa, da jakuna biyu na aro, don Baba ya ce kayan gari guda ba za su ɗauku a jaki ɗaya ba. Muka tarar da mutane daga Gangara da wasu ƙauyuka zaune a rana, kowa da buhunsa a naɗe. Sai bayan azahar aka buɗe ƙofa. Na leƙa ciki. Sito ne mai girma, amma buhunan da ke ciki sun taru a kusurwa ɗaya. Ma'aikacin da ke wurin ya duba takardunsa ya ce a rubuce Tsamaye ta riga ta karɓi nata. Baba ya ce shi ne wakilin Tsamaye, kuma ko tsaba ɗaya bai gani ba. Mutumin bai yi mana tsawa ba. Ya ce shi abin da aka sauke masa ke nan, abin da ke takarda kuma daga sama ya zo. Da ya ga furfurar Baba, ya sa aka auna mana rabin buhun masara da ƙwari suka fara ci.

A hanyar dawowa jaki ɗaya ba kaya. Babu wanda ya hau shi. Baba yana gaba, yana tafiya da sauri kamar ana korarsa.

A cikin kwanakin ne shugaban makarantarmu ya ba ni wata tsohuwar jarida. A ciki na ga cewa cikin kasafin nan da suka amince da shi baki ɗaya har da sababbin gidaje da motoci na 'yan majalisar kansu, kuma an riga an fara raba motocin. Na naɗe jaridar na sa a aljihu. Ban iya karanta wa Baba ba. Baffa na samu a garke na karanta masa. Na zaci zai yi murnar maganarsa ta fito. Sai ya ce, "Har da namu?" Na ce har da su. Ya shafa wuyan sansa. Can ya ce, "Kada ka gaya ma Yaya."

Shanun suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Baffa ya sassaɓe musu ganyen gawo, ya ba su tsohon jinkan ɗaki. Wata safiya ɗayan ya kasa tashi, aka yanka shi, naman ba kitse ko kaɗan. Ɗayan ya kai kasuwa, abin da aka ba shi bai sayi hatsin wata guda ba. Matan gidan suka koma daji ɗibar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Albashina yakan yi wata biyu bai zo ba, in ya zo mu sayi garin rogo a raba sassan biyu. Irin da aka ce za a kawo bai zo ba, wanda muka ɓoye kuma muka fara taɓa shi.

Gab da damina ƙyanda ta shigo gari. Ta tarar da yara ba ƙarfi. Autar Baffa ta kwana biyar tana zazzaɓi. Na ɗauke ta a keke, uwarta ta biyo mu a ƙasa, zuwa ɗakin shan magani, aka ce babu komai sai dai a rubuta mana mu saya a Sabon Birni. Kafin in je in dawo ta cika. Baba ne ya ɗauke ta a hannunsa zuwa maƙabarta, bai bari kowa ya karɓe shi ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Bayan an watse daga zaman makoki, mu uku muka rage a zaure. Baba ya ce, "Ni na tsai da kai."

"Allah ya tsai da ni, Yaya."

"Da ka tahi da shanunka suna da nama, da ɗiyarka na nan."

"Kwananta sunka ƙare," in ji Baffa. "Kada ku sake hwaɗin haka. Ni ma na dangwala hannu."

Baba ya rufe fuskarsa da hannun riga. Na tashi na ba su wuri.

Zaɓe ya faɗo cikin daminar nan. Motoci masu lasifika suka dawo, kowace jam'iyya tana cewa ita ta kawo kuɗin agaji, babu wadda ta faɗi inda suka shiga. Mutanen nan biyu da suka riƙe hannu a kan tebur suka koma zagin juna. Ranar jefa ƙuri'a Baba da Baffa suna gona suna maimaita shuka da ɗan irin da ya rage. Ruwan ya sake ɗaukewa, wannan karon tun hatsi bai kai gwiwa ba.

Da kaka ta zo ba abin girbi, Baffa ya ɗaure kayansa. Ba shanu, ba guzurin kirki, sai tabarmi da tukwane da fartanya biyu. Wannan karon Baba bai ce ya tsaya ba. Ya raka su har bakin hanya, ya taya su ɗora kaya a babbar mota, ya cire hularsa mai kyau ya sa wa ƙanensa. Baffa ya ce in ruwa ya dawo zai dawo. Ba a daɗe ba soja suka sake karɓe mulki, aka rufe majalisar, maganar agajin ta bi ta.

Ruwa ya dawo bayan shekara biyu, Baffa bai dawo ba. Da farko ya aiko cewa sai ya samu abin sayen shanu, don ba zai shigo gari hannu wofi ba. Daga baya 'ya'yansa suka yi aure a can. Baba ya ci gaba da noma gonar ƙanensa tare da tasa. Ya gina ƙaramin rumbu daban yana zuba abin da ta bayar, ba ya bari a taɓa. In ya ji mai zuwa kudu, sai ya auna ya ba shi ya kai. Sau biyu suka yi shirin haɗuwa, sau biyu rashin lafiya ta hana.

Da saƙon rasuwar Baffa ya zo, ƙafafun Baba sun riga sun gaza, ni na tafi ta'aziyya. Na tarar da ƙauye mai itatuwa da jar ƙasa, dawa ta fi mutum tsawo. Matarsa ta tsufa ƙwarai. Ta ce duk baƙon da ya zo daga arewa, kafin ya sha ruwa Baffa zai tambaye shi ko an yi ruwa a Tsamaye. Babban ɗansa ya kai ni kabarin, na yi addu'a, na kwana biyu na juyo.

Na tarar da Baba a zaure, jingine da bango. Na gaya masa duk abin da na gani. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni ko mutane da yawa sun yi masa salla. Na ce an ce sahu ya kai har bakin hanya. Ya gyaɗa kai, ya ce in kawo masa buta, la'asar ta yi.