Mai Rage wa Bidiyo Nauyi a Bakin Tashar Ƙaura

Da hantsi Malam Ɗalhatu yake buɗe rumfarsa a bakin tashar motar Ƙaura Namoda. Ya share benci, ya goge fuskar tsohuwar kwamfutarsa da bakin riga, ya zauna yana kallon hanyar Shinkafi kamar mai jiran baƙon da ya gani a mafarki. Shekara goma sha huɗu ke nan yana wannan zama. Aikinsa guda ne: a kawo masa bidiyon da ya yi wa waya nauyi, ya ƙi tafiya, shi kuma ya matse shi har ya iya ratsa siririn sabis irin namu na karkara. Yanzu idanunsa sun fara gajiya, ya ce a ƙarshen damina zai rufe. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na sha kawo masa nawa bidiyon. Samarin kasuwa masu irin aikinsa maɓalli ɗaya suke dannawa, su miƙo maka wayarka, ka duba ka ga fuskar amarya ta dame kamar kunu. Shi kuwa sai ya kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, sannan ya ɗago ya tambaye ka: “Mi kaka so a gani?” Yakan ce bango da sararin sama ba sa motsi, don haka babu dalilin da waya za ta yi ta dakonsu. Fuska da murya su ne hatsin, sauran duk ƙaiƙayi.

Ina kan bencin nan ranar da Saratu ta zo daga Galadi, ta hau babur zuwa Shinkafi, ta shigo mota. Mijinta Tsoho yana kwance, jiki ya ƙi. Ɗansu Armiya’u ya bar gida shekara huɗu bayan sun yi sa-in-sa da uban a kan gona, yana haƙar zinariya can gaba da Agadas, inda sabis ke leƙowa ya ɓace. Tsoho ya sa an ɗauke shi a waya yana yi wa ɗan magana. An tura, kwana uku abin yana juyawa a wayar Armiya’u, ya ƙi buɗewa.

Malam Ɗalhatu ya kunna. Minti bakwai ne, amma maganar ba ta kai minti biyu ba. Sauran duk Tsoho ne zaune jingine da bango, yana kallon ƙasa, yana jan carbi, bai ce uffan ba.

“Inna, in na cire wurin da yay yi shiru, yanzun nan za shi tahi,” in ji Malam Ɗalhatu.

Saratu ta dafa teburin. “A’a, Malam, kak ka taɓa shirun ga. Haka ubanai ka yi in za shi hwaɗin abin da yay yi mai nauyi. In yaron bai ga shirun ba, cewa za shi yi ni nis sa shi.”

Malam Ɗalhatu bai yi musu ba. Ya gyara zama, ya shiga ragewa a hankali. Ina kallo bangon ɗakin ya narke, zanen tabarma ya ɓace, hasken taga ya koma fari-fari, har ya zamana babu abin da ya rage sosai sai fuskar dattijon da yatsunsa a kan carbi. Kai ka ce mutum ne ya zo maka cikin barci. Sau biyar yana sakewa, yana gwadawa a wata ’yar tsohuwar waya da yake ajiyewa don haka. Bai cire ko numfashi ɗaya ba. Bayan la’asar saƙon ya tafi, muka ga alamar an buɗe. Ni dai hawaye suka zo mini, ban ɓoye ba.

Kai ne, Malam Ɗalhatu, ka san abin da ake zubarwa da abin da ba a taɓawa. Kai ne ka sa masu gudun hijira daga Kurya Madaro suka ga gonakinsu sun yi kore, ka sa wata kaka a Gurbin Ɓore ta ga jikar da aka haifa a Legas tana hamma. Gwanin sheƙa, ba ka zubar da tsaba.

Kwana tara bayan haka Armiya’u ya sauka a tashar nan, ya zo ya gaishe ka kafin ya nemi motar Shinkafi, don Saratu ta gaya masa wanda ya gyara saƙon. Ka tambaye shi ko ya ji inda uban ya ce ya yafe. Ya ce: “Malam, tun kahin shi buɗe baki na hwara haɗa kaya.” Ya iske Tsoho da rai. Saratu ta ce wuni guda suka yi zaune a tabarma ɗaya, ba wanda ya ce wa wani komai.

Mun gode, Malam. Allah Ya ƙara wa idanunka haske, Ya sauƙaƙa maka kamar yadda ka sauƙaƙa wa saƙonnin mutane. Ku kuma samarin da za ku gaji bencin nan, kafin ku danna maɓalli, ku kalli abin da aka kawo muku har ƙarshe, ku tambayi mai shi abin da yake so a gani.