Tocila ta Bakwai a Ɗakin Iya

Jos, Asabar, biyar da rabi na asuba

Ina idar da sallar asuba na tayar da mota. Sanyin Jos ya sa sai da na murza makulli sau uku kafin ta yarda, ni kuwa dama da fushina na kwana. Zariya na nufa, gida, Ƙofar Jatau, tafiyar kilomita ɗari biyu da talatin da ɗoriya. Abin da ya taso ni kuwa, in na faɗa za ku yi dariya: tocila.

Ranar Alhamis ƙanwata Ladidi, wadda ke aure a Ƙofar Gayan, ta kira ni ta ce Iya ta ce a gaya wa mutumin Jos tocilar nan ma ta mutu. Mutumin Jos ni ne. Ni ne ɗan farin Iya, shekarata arba'in da shida, ban taɓa jin sunana Lawal a bakinta ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta roƙona komai sai ta bakin Ladidi. Haka muka taso muka gani a cikin birni, abin bai taɓa damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne wannan ce tocila ta biyar da na aika cikin shekara guda da 'yan watanni. Na ce wa Ladidi ko dai Iya cin tocila take yi, ko kuwa akwai mai kwashewa. Ta ce in dai zo in ga Iya. Na ce zan zo, kuma zan ga mai kwashewar. Ta kashe wayarta.

Jengre da Saminaka

Shida da kwata na iso shingen 'yan sanda kafin Jengre, gari bai gama wayewa ba. Wani jami'i ya nemi takardu. Na buɗe aljihun mota na ɗauko tocilata na haska, sai ya manta da takardun ya ce in ba shi ya gani. Wayyo, ya taɓo ni inda nake so.

Kayan gyaran mota nake sayarwa, kuma in ana maganar tocilar ajiyewa a mota, ban yarda akwai wanda ya fi ni sani a Jos ba. Kwana uku na yi ina zagaya shaguna kafin na zaɓi wannan. Na ce sai wadda zan dunƙule a tafin hannu, sai mai jikin ƙarfe da in ta faɗi a kwalta ba za ta fashe ba, wadda ake yi wa caji a cikin mota, kuma in na tsaya a wannan gefen titi ta haska mini bangon da ke wancan gefen. Duk na zayyana wa jami'in nan, har da gargaɗin kada ya yarda da rubutun jikin kwali, ya gwada da idonsa. Ya haska wata bishiya can nesa ya ce, "Kai, Alhaji, wannan ai rana ce ka sa a aljihu." Na yi murmushin manya na wuce.

Bakwai da minti ashirin na tsaya a Saminaka wurin mai shayi. Shayi da biredi da ƙwai biyu, naira dubu ɗaya da ɗari biyar. Ina ci ina shirya maganganun da zan gaya wa Ladidi.

Pambeguwa, tara saura kwata

A nan na tuna ban ma sayi tocilar da zan kai ba. A bakin tasha na sami wani dattijo da teburinsa na batir da rediyo da tociloli. Na ɗauki wata ta roba, shuɗiya, naira dubu biyu. Ya tambaye ni ta wa ce, na ce ta tsohuwata. Ya ajiye ta, ya miƙo mini wata babba ya ce in ƙara kaɗan in ɗauki wannan, don idon tsoho ya fi son haske. Na ce masa daga ɗaki zuwa bayi ne kawai, ba farauta za ta je ba. Na biya na jefa ta kujerar baya, ko kunna ta ban yi ba. Ni da na kwana uku ina zaɓar ta mota, ta Iya ko minti uku ban ba ta ba.

Zariya, sha ɗaya saura minti goma

Na wuce Soba da Dakace, na shiga ta Ƙofar Doka. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka na ajiye ta a bakin masallacin unguwa. Na ɗauki shuɗiyar, sannan na zura tawa a aljihu, wai don in nuna musu yadda tocila take in an san hannunta.

Ladidi na tsakar gida tana tankaɗe. Ta gaishe ni a taƙaice. Na yi sallama a ƙofar ɗakin Iya na tsuguna inda na saba tsugunawa, a bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Ɗakin ƙasa ne irin na da, taga ɗaya ƙarama can sama, ko da rana tsaka duhu ne. Iya ta amsa gaisuwata tana fuskantar bango, ta tambayi mutanen gida da yara, kowa da sunansa. Na ce a kawo mini matattun tocilolin in gani.

Na zaci za a fara kame-kame. Sai Ladidi ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Ga su nan duka biyar, an naɗe kowace a tsumma. Babu wadda aka kwashe. Kunya ta farko ke nan, amma ƙarama ce.

Na ɗauki ta farko na danna, ta kama. Ta biyu ta kama. Ta uku batir ya yi sanyi amma ta kama. Ta huɗu da ta biyar sai da suka haska har rufin ɗaki. Na buɗe baki zan fara faɗa, Ladidi ta ɗora yatsa a leɓe. Ta karɓi sabuwar shuɗiyar ta kunna a gaban Iya ta ce ga wadda Yaya ya kawo. Iya ta juya ta a hannu ta ce an gode, Allah ya yi albarka, sai dai ita ma ja-ja take, kayan yanzu ba su da ƙarko.

Na zaro tawa, na matso ciki, abin da rabona da yi tun rasuwar Baba. Na kunna ta daga gefen damanta. Ɗakin nan ya yi fari fat, har zanen kwanukan jerenta ana gani. Iya na zaune, idonta a buɗe.

"Ladidi, an ce akwai wata kuma? To a kunna mana mu gani."

Na zagayo da hasken ta hagunta. Ta ɗan ɗaga kai ta ce, "Yauwa. Wannan da ɗan dama-dama."

Tocilar da ɗan sanda ya kira rana, ita ce da ɗan dama-dama. A cikin hasken nan na ga idon mahaifiyata sosai, na hagu da fari-fari a tsakiya kamar an ɗiga nono, na dama kuwa yana kallon inda babu kowa. Na kashe na fita, don kada ta ji yadda numfashina ya koma.

A tsakar gida na tambayi Ladidi me ya sa ba ta gaya mini ba. Ban taɓa ganin ta kalle ni haka ba. Ta ce Iya ta hana ta, ta ce tsufa ne, kada a tayar wa mai iyali hankali, ita ma Ladidin ba ta san abin ya kai haka ba sai bayan azumi. Ta ce amma sau nawa ta ce in zo in ga Iya? Kullum amsata ita ce me take so, a saya mata. Ta ce da Sallah na zo, na wuni a zaure da abokai, na ba Iya minti biyar a bakin ƙofa. "Ita kunya ta hana ta kallonka, Yaya. Kai me ya hana ka kallonta?"

Lahadi, a gida

A ɗakin Baba na zaure na sauka. Ladidi ta yi tuwon masara miyar kuka, na ci loma uku na ture. Wunin ranar ban fita ba, na zauna ina kallon Iya, abin da ban taɓa yi ba. Tana zuwa madafa, tana zuwa wurin randa, tana alwala, ba ta tuntuɓe ko sau ɗaya. Shekara hamsin a gida ɗaya, ƙafarta ta haddace shi. Sai da na lura na ga wani layi a jikin bango, daidai tsayin hannunta, ya yi sumul ya yi duhu, daga ƙofar ɗakinta har bayi. Irin wannan layin ba ya fitowa a wata ɗaya ko biyu. Da Sallah na jingina da bangon nan ina amsa waya.

Mijin Ladidi ya ba da shawarar wani asibitin ido a Kaduna inda aka yi wa mahaifinsa aiki. Da aka gaya wa Iya ta ce ita ba ta ce tana ciwo ba. Na ce wa Ladidi ta gaya mata ni ne nake roƙo. Can Iya ta ce to, a ɗauko mata mayafinta mai ruwan ƙasa a goge.

Litinin, Zariya zuwa Kaduna

Shida daidai muka tashi. Ni na riƙe hannun Iya daga ƙofar gida zuwa bakin masallaci, tana ta ƙoƙarin zarewa tana cewa Ladidi ta isa. Ban saki ba. Kilomita tamanin ne. Mun wuce Jaji bakwai saura, muka ɗan tsaya a Maraban Jos na saya musu ƙosai na ɗari biyar, Iya ta ƙi ci a gabana. Takwas saura minti ashirin muna ƙofar asibiti. Muka yanki kati muka bi layi, ba a kira mu ba sai sha ɗaya da rabi.

Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar Ladidi ba. Abin da ta fara zarowa daga aljihunta tocila ce, 'yar siririya kamar biro. Ta haska idon dama, ta haska na hagu, ta sake komawa na dama ta daɗe. Aka kai Iya wurin na'urori aka dawo da ita. Sannan likita ta yi mana bayani dalla-dalla. Na hagu yanar ido ce ta rufe shi, za a yi aiki nan da mako uku, kuma tana sa ran zai gani. Na dama hawan jinin ido ne ya cinye jijiyarsa a hankali, ba zai dawo ba. Ta ce shi ma na hagun ciwon ya fara taɓa shi, sai an riƙa ɗiga magani kullum. Na tambaye ta da an zo bara fa. Ta ce da wataƙila an tsare wani abu. Sai ta dube ni.

"Kai ne ɗanta? Tun yaushe ta fara cewa ba ta gani sosai?"

Na san amsar. Tun tocila ta farko. Na tsaya ina kallon takalmina kamar wanda aka kama da kayan sata. Sai na ji muryar Iya, tana fuskantar bango kamar kullum.

"Likita, ba laifinsa ba ne, ni ce ban faɗa ba. Shi kam bai taɓa barina cikin duhu ba. Ko yaushe na aika, sai ya aiko da fitila."

Da ta zage ni a gaban mutane da ya fi mini sauƙi. Likita ta sunkuya tana rubutu, Ladidi ta juya tana gyara ɗankwali, ni kuwa na ce zan je karɓo magani, na fita na tsaya bayan motata na yi kukan da rabona da shi tun ina yaro.

Komawa gida

Biyu da rabi muka baro Kaduna, huɗu da minti goma muka shiga Ƙofar Doka, ana fitowa daga sallar la'asar. Na kira Jos na ce wa maiɗakina su ci gaba da haƙuri, na bar wa abokin sana'ata shago, ina nan sai an yi aikin an buɗe idon.

Da muka shiga ɗaki Iya ta zauna a bakin gado ta lalubo tocilata a ƙarƙashin matashi, inda na sa mata tun ranar Asabar. Ta miƙa ta sama-sama ta ce, "Ladidi, a ce wa mutumin Jos ya mayar da abarsa mota. Shi ne mai bin hanya."

Ban bari Ladidi ta karɓa ba. Na tsuguna a gaban Iya, ba a bakin ƙofa ba, na mayar da tocilar cikin tafin hannunta na naɗe yatsunta a kai. Na ce, "Iya, taki ce. Kuma ni zan riƙa ɗiga miki maganin."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya kuma bar mana ido ɗaya da za mu yi wa fata. Na gode wa likitar nan, da dattijon Pambeguwa da ya gaya mini gaskiya ban ji ba. Ladidi kuwa na nemi gafararta a gaban mijinta, ta ce ya wuce.

Da magariba ta gabato na wanke hannu na buɗe kwalbar maganin. Na ce Iya ta ɗaga kai ta kalli sama. Ta ɗaga, amma da ta ji ni kusa sai ta kawar da fuska gefe, yadda ta saba shekara arba'in da shida. Na sa hannu a hankali na juyo da ita.